Ranar da taubashina ya sha zakami

Shekarar da inna ta rasu, wato uwar taubashina, yana Lome da babbar mota. Ko jana'iza bai samu ba. Da ya dawo Badaguishiri ya daina dariya, shi da kullum yake kirana bawansa.

Wata Asabar ya same ni a garkar albasarmu ya ce, "Ɗan kawu, zakami zan sha. An ce mutum na ganin waɗanda suka mutu. Kai za ka tsare ni."

Na zage shi tas. Na ce wannan tsiron da ko akuya ba ta ci? Ya ce ko da ni ko ba ni, sai ya sha. Tsoro ya sa na yarda, don na san taurin kansa.

Ya tsara abin kamar biki. Tabarma ƙarƙashin mangwaro, tsohon zanen inna, da muryarta da ta rage a wayarsa tana yi masa faɗa kan gudu da mota. Zai saurara, ta zo, ya roƙi gafara, mu koma gida kafin la'asar. Ni kuma na ɓoye wuƙa da hauya, na sa makullin moto, wato babur ɗinsa, a aljihu. Na yi ta yaba wa kaina dabara. Rijiyar garka kuwa, wadda bakinta yake daidai da ƙasa, ko tunaninta ban yi ba. Kullum muna tsallake ta, har mun daina ganinta.

Ya sha zakamin. Bayan azahar idonsa ya buɗe warwar, bakinsa ya bushe. Ya tuɓe riga, yana tsintar abin da babu a ƙasa. Wayar ma bai waiwaye ta ba. Na juya ɗauko buta, sai na ji ya ce a hankali, "Ga inna can ciki tana kirana."

Ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga rijiyar. Na cafke ƙugunsa muka faɗi cikin fangalin albasa. Ya cije ni a kafaɗa, tabon na nan har yau. Jikinsa zafi kamar tukunya. Da igiyar guga na ɗaure shi ina kuka, maƙwabtan garka suka taya ni kai shi likita.

Kwana biyu bai san kowa ba. Da ya farfaɗo bai tuna komai ba, ko tabarmar. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗan kawu, ta zo?"

Na san in na ce ta zo, zai sake sha, kuma ba zai kira ni ba.

Na ce, "Ba ta zo ba. Hauka kawai ka yi."

Ya juya fuska bango. Ni kaɗai na ji yadda muryarsa ta yi daɗi a bakin rijiyar nan, kuma ban taɓa gaya masa ba.