Ka Yi Nauyi, Mutumina

Ni da abokina tun firamare a unguwar Ali Kazaure muke tare, benci ɗaya, kwanon awara ɗaya. Shi ya tafi koyon tuƙin jirgin sama, ni na tsaya a shagon babanmu a kasuwar Katako. Ban ji haushi ba, wallahi. Abu ɗaya na roƙe shi: ranar da ya zo Jos da jirgi, ni ne a gefensa. Ya ce an gama.

Ranar ta zo. Ƙaramin jirgin ogansa ne, kujera biyu kacal. Sai ga kiransa.

"Mutumina, kilo nawa kake yanzu?"

"Ina ruwan jirgi da kilona?"

"Jos kan tudu take, jirgi na shan wahalar tashi, ga tanki cike da mai. Ka yi nauyi. Ka rage masa da miya, sai wani zuwan."

Yana dariya na katse wayar.

Wa ya ɗauka? Wani tela siriri kamar tsinken tsire, wanda bai daɗe da fara zama a majalisarmu ba. Na ga hoton da telan ya ɗora, ya sa abin kunnen nan na matuƙa jirgi, ya washe baki. A kujerata. Na kashe data.

Ba su daɗe da tashi ba injin ya mutu. Masu noman dankali a wajen Kuru sun ce ƙarar ce ta ɗauke, jirgin ya yi ƙasa-ƙasa yana neman fili a gona, tayarsa ta daki dutse. Babu wanda ya fita da rai. Allah ya jiƙansu.

A wurin zaman makoki kowa sai ya dafa ni: "Kai, ƙibar nan ta yi maka rana." Ina cewa alhamdu lillahi, kuma har zuciyata. Amma kabarinsu na jere. Ina ji mahaifiyar abokina na gaya wa mata wai aminai ne, tare suka rayu, tare suka tafi. Tela fa! Ko sunan da muke tsokanarsa da shi a aji bai sani ba.

Hoton da kowa ke yaɗawa kuwa na wata Sallah ne, mu uku ne a ciki har da telan. An yanke ni. Yatsuna kawai suka rage a kafaɗar abokina.

Na nemo cikakken na tura a guruf ɗin unguwa. Nan take wani ya rubuto: "Cire wannan, malam, kai ai kana raye."

Ban cire ba.