Alƙali na Biyu Yana Son Kaskar Damina

Na manta abubuwa da yawa a tsufan nan, har da inda nake ajiye tabarau alhali yana kan hancina, amma abin da ya faru a gidana da ke unguwar Mafoni a shekarun da babban ɗana yake neman digirinsa na uku, wannan kam da shi za a kai ni kabari. Ni dillalin shanu ne. Bokona ya tsaya a aji huɗu na firamare, don haka duk wanda ya ga kuskure a bayanina ya tuhumi mahaifina da ya mai da ni bayan garke.

Yaron likitan dabbobi ne, yana koyarwa a jami'a. Na ce yaro, ko da yake a lokacin yana da mata da 'ya'ya har da ɗan tumbi. Bincikensa a kan kaska ne. Kaskar nan dai da muke cirewa a kunnen saniya mu jefa a wuta, ita gwamnati ta ɗauki nauyin ɗana ya yi shekaru yana kallo. Tun kafin rikici ya lalata hanyoyi ya bi ƙauyukan da ke wajen tafki da rani, ya tara ta a ƙananan kwalabe tare da jinin shanu, ya dawo ya rubuta abin da ya gano. Dokar makarantarsu kuwa ita ce ba a ba mutum digirin sai wata mujallar masana ta buga aikinsa, kuma wa'adin da aka ɗibar masa ya kusa cika.

Na ga shirin tura takardar da idona, domin a zaurena aka yi shi, inda ya fi iska. Ashe mujalla ta fi gidan surukai sharaɗi. Ga faɗin da za a bari a gefen takarda, ga yawan kalmomi, ga yadda za a jera sunayen magabatan da suka riga ka kallon kaska. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sai an goge sunan mai aikin kafin a miƙa wa waɗanda za su duba, su ma kuma ba za a faɗi nasu ba. Na ce mu a kara, kasuwarmu ta shanu, saniyar da aka kawo ba a san mai ita ba, 'yan sanda ake kira mata. Ɗana ya ce wai don a yi adalci ne.

A lokacin an yanke layukan waya a garin nan. Don tura takardar sai da ni da shi muka shiga keke mai ƙafa uku zuwa wani shago kusa da Kasuwar Kwastam mai faifan tauraron ɗan Adam a kan rufi, muna sauka a kowane shingen sojoji muna ɗaga hannu sama. Ni na ce masa goro zan saya a can, shi ya sa na bi shi. Janareta ya mutu ana tsakiyar turawa, aka tayar, aka sake daga farko. Da ta tafi ya yi hamdala, ni kuma na sayi goron don kada a ce na yi ƙarya.

Amsa ta zo bayan watanni, damina ta kankama. Mutum biyu suka duba, ni alƙalai nake kiran su. Na farko ɗan albarka ne, ƙananan gyare-gyare ya nema. Na biyu ya ce kaskar rani ita kaɗai ba ta isa hujja ba, sai mai binciken ya koma ƙauyukan nan dai ya ɗebo ta damina a gwama. Ban ga laifinsa sosai ba. Mai yiwuwa a ƙasar da yake zaune, in mutum ya ce zai je ƙauye, zuwa yake yi ya dawo. Ƙauyukan da yake magana kuwa a lokacin suna hannun yaran daji masu bindiga, masu shanun da suka tsira suna kwance a makarantun cikin gari ba ko akuya.

Ɗana ya karanta, ya ce, "To."

Haka muka raine shi. In malami ya ce a yi, sai a yi, ba a tambayar dalili, balle a mayar da magana. Cikin 'yan kwanaki sai ga sababbin kwalabe da akwatin ƙanƙara a tsakar gida. Ya shirya da wani direban motar kifi mai bin ayarin sojoji zuwa rabin hanya, sauran rabin kuma wai Allah zai kawo yadda za a yi.

Uwarsa ta daina cin abinci. Ta ce in yi masa magana, tunda ni ne ubansa. A nan aka samu matsala, domin ɗan fari ne, mu kuwa a gidanmu ba a nuna an damu da ɗan fari. Tunda aka haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ko ciwo yake sai dai in tambayi ƙofa yaya mai jiki. Ita ma kunyar ce ta ɗaure ta, shi ya sa take turo ni. Iyakar abin da na iya, wata la'asar yana wanke kwalabensa, na tsaya ina kallon katanga na ce mutane suna cewa hanyar can ba kyau.

Ya ce, "Haka ne, Baba. Amma sun ce a je."

Na tambaye shi a wace unguwa wannan alƙali na biyu yake, in ɗauki rago in je mu gaisa, tunda ban taɓa ganin maganar da gaisuwa da rago suka kasa sassautawa ba. Ya ce ba wanda ya san shi sai editan mujallar, shi ma editan ba a nahiyar nan yake ba. Na ce lallai an gama da mu.

Washegari na sa babbar riga na tafi unguwar Shehuri gidan farfesan da ke duba karatunsa, wani dattijon Babarbare siriri mai ƙarancin magana. Muka yi wushe-wushe irin gaisuwarsu, aka kawo shayi. Ban ce ina tsoro ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi na zo neman adireshin wani alƙali ne, ina da rago. Da ya nemi bayani na ba shi, sai na ga ya ajiye kofi. Ashe bai san komai ba. Yaron ya ji kunyar nuna wa malaminsa cewa an kushe aikin, ya ƙudurta sai ya ɗebo kaskar ya gyara tukuna.

Aka aika ya zo. Ya tarar da ni zaune, ya durƙusa ya gaishe mu yana kallon ƙasa.

Farfesa ya ce, "Dakta, wa ya gaya maka abin da mai dubawa ya rubuta umarni ne?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai manya ne."

"Ka gan shi? Wataƙila ma ka girme shi. Shi ya faɗi ra'ayinsa, kai ma ka faɗi naka da hujja, edita ya raba. Da ka je can an yanka ka, wa zai amsa masa?"

Na mai da hankali kan shayina, kamar ba da ɗana ake ba.

Rubuta "a'a" ɗin nan ya fi tara kaskar ba shi wuya. Amsar da ya fara kawowa shafi guda ce cur ta gaisuwa da ban haƙuri, yana roƙon alƙali ya yafe masa ƙarancin iliminsa. Da aka fassara mini na ce madalla, ga ɗan da ya samu tarbiyya. Farfesa ya sa jan biro ya bi ta layi-layi, ya bar abin da bai fi tafin hannu ba: an gode da shawara, ƙauyukan ba sa shiguwa saboda rikici, mutanensu sun gudu, garkunan da aka ɗebi jininsu sun watse, don haka an gyara kan takardar ya nuna binciken rani ne kawai, an kuma faɗi wannan gibi a fili a cikinta. Na ce wannan ai ba sallama, ba sai an jima. Farfesa ya ce haka suke so.

Muka koma shagon nan mai faifai. Wannan karon ban nemi uzurin goro ba, shi ma bai tambaya ba. Ya daɗe da yatsa a kan madanni yana cewa yana jin kamar ya yi wa babba rashin kunya. Mai shago ya ce mai yana ƙonewa, sai ya danna.

Motar kifi ta tafi ba shi. Ban bincika yadda ta ƙare ba, ba na kuma son sani. Alƙali na biyu, yadda aka ba ni labari, bai sauko daga ra'ayinsa ba, har yau yana son kaskar damina. Edita ya karɓi takardar duk da haka. Da aka kawo mini mujallar na juya ta, na ce takardarta tana da kyau, na mayar. Uwarsa ta ci tuwo malmala biyu a ranar.

Abin da na koya shi ne, ladabin da muke ɗora wa 'ya'yanmu rabi ne. Mun koya musu "to", kuma tana da kyau, ita ta kai nawa jami'a. Amma yaron da bai iya cewa babba "wannan ba zai yiwu ba, ga dalili" ba, wata rana zai bi umarnin wanda bai san hanya ba har inda ba a dawowa. Jikokina yanzu in na aike su suka ce rana ta yi zafi, nakan daka musu tsawa yadda ya kamata, sannan in zauna in ji hujjarsu.