Waƙar Niƙan Kawu Bawa

Ina cikin gonar albasa a Mafara ina ba ta ruwa, Mamman maƙwabcin kawuna ya tsaya a bakin kanal, bai ko yi sallama ba. Ya ce, "Kawunka Bawa ya rasu." Na ce wane Bawa? Wanda na gani shekaranjiya a kasuwa yana faɗa da mai gyaran keke? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wai bayan sallar asuba ya duƙa zai sa wa keke iska, shi ke nan. Ko ciwon kai bai yi ba.

Ku da kuka san shi, kun san kafin a ga kekensa ake jin muryarsa. Ƙato mai gemu har ƙirji, ya maƙale murya kamar mace, yana rera waƙar niƙa! Ta mahaifiyarsa ce, kakata Inna. Tun kafin dam ya cinye ƙauyenmu na wajen Maradun take yin ta a bakin dutsen niƙa, tana bin gidajen garin ɗaya bayan ɗaya: "Gidan Jaɓɓi mai tsamiya, a gaishe ku, karenku ya fi maigida baki." Bayan an taso mu, mutane suka watse, ya zama shi kaɗai ya riƙe ta duka.

Liman ya taɓa tare shi a Bakura, inda Kawu ya koma da zama. "Haba Malam Bawa, da gemunka?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, gemun nau na, waƙar ta Inna ta. Wanne kaka so in aske?"

Kifin dam kuwa ya rantse ba zai ci ba. "Kifin da ka kwana ɗakin Inna? Ai dangi na, ba ni cin dangi." Wata Talata na kama shi a bayan rumfa da soyayyen kifi, har ya kai ƙaya. Na ce, "Kawu!" Ko kunya bai ji ba. "Wanga na gulbin Bakura na. Baƙo na, ban san iyayenai ba."

Rowarsa ba a abinci ta tsaya ba, har waƙar ya yi mini rowa. A kan keke baituka uku na farko kawai yake juyawa. Da na roƙe shi sauran, ya ce baiti ɗaya duk shekara, ranar da aka gama yankan shinkafa, kuma sai na taya shi yankan. Na ce, "Kawu, ai sai na tsufa." Ya ce, "To ina za ka?"

Na aro rakoda na kai masa, ina ganin na yi dabara. Ya dube ta sama da ƙasa. "Wagga akwati, tana da dangi garinmu?" Na ce a'a. Ya cire hularsa ya kifa mata. "To ta jira waje."

Haka na yi shekara takwas ina yankan shinkafa. Na samu gidan Jaɓɓi, gidan maƙera, rijiyar gabas, har maƙabarta. Saura baiti ɗaya, inda Inna take gama zagaye ta komo gidanta, ta kira 'ya'yanta da sunayen da take musu. Mahaifiyata tana ciki. Ta rasu ina ƙarami, ban san da wane suna uwarta take kiranta ba. Ran nan a kasuwa ya ɗago mini hannu daga nesa: "Bana ka zo da wuri, mun kawo gida!"

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sada shi da Inna da ƙanwarsa a gidan da ruwa ba ya ci.

Shinkafarsa saura mako biyu ta isa yanka, kuma zan je in yanke. Baitin ƙarshe bai ba ni ba.