Dutsen da ya rasa mai karanta shi

A bakin hanyar wani ƙauyen masunta a Japan, Natsuki tana jiran bas, bayan ta wuni tana awon filayen sababbin gidaje. Can gefe wani tsoho ya durƙusa gaban wani dogon dutse, yana kankare gansakuka da buroshin haƙori. Yatsu biyu babu a hannunsa na hagu. Ƙila igiyar jirgi ce ta cinye su. Rubutun jikin dutsen na mutanen da ne, tafiyar tsutsa, kowane harafi riƙe da wutsiyar ɗan'uwansa. Ta ɗauki hotonsa da waya, wayar ta kasa karantawa.

"Baba, waƙa ce?"

"Waƙa?" Bai ko ɗago ba. "Ku 'yan jami'a ke nan! Mu uku muke karanta shi a garin nan. Na binne biyu."

Yana bin layin da yatsa, a hankali.

"Cewa ya yi: nan teku ta kawo. Kada jikanka ya yi gini ƙasa da ni."

Natsuki ta waiwaya. Jajayen turakun da ta kafa yau suna can gangare, reras, har bakin ruwa. Teku kuwa ta kwanta luf, kamar ba ita ba.