Hafizul, mai ɗaga wa ɗana ƙwallo

Ranar Laraba sha biyu ga Sha'aban, ina shanyar kifi a bayan gida, maƙwabciyata ta leƙo ta ce babur ya kayar da kai a hanyar gonar roba, kuma rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da na haura hamsin na koyi rubutu a ajin matan masallaci, hannuna ba ya sauri, amma wannan ba zan ba wani ya rubuta mini ba.

Hafizul, shekara huɗu ina zarginka. Ɗana Syazwan ya fasa auren ƙanwarka bayan an kai kaya, duk ƙauye ya sani. Daga ranar ka daina gaishe shi. Amma ba ka bar ƙungiyar takraw ba, wasan nan na tsallakar da ƙwallo kan raga da ƙafa. Kai ke ɗaga masa ƙwallo a bakin raga, shi kuma ya yi alkafura a sama ya doka. In ka kauce da ita taki ɗaya, a kan wuyansa zai sauko. Uwa ta san wannan ko ba ta san dokar wasa ba.

Shi ya sa ban taɓa fashin wasa ba. Jama'a na kallon ƙwallo, ni ina kallon ƙafarka. In ka kawo gorar ruwa, sai in ɗauke ta daga kusa da shi. Shekarar ambaliya ka zo da kwalekwale ka fitar da ni da awakina, ina zaune a ciki ina tunanin me kake nufi.

A wasan ƙarshe na gunduma Syazwan ya faɗi, kafaɗarsa ta goce. Na miƙe a gaban mutane na ce da gangan ka yi. Ba ka ko waiwayo ba. Ka goya shi har mota. Daga baya aka nuna mini inda rufin zauren wasan ke ɗiga a filin, a nan santsi ya kwashe shi. Duk da na gani, sai da na tare ka a kasuwa.

Ka kira ni Mak Cik, wato inna, ka ce, "Ɗan nan naki in na gan shi a hanya, ko tofa masa yawu ba zan yi ba, asara ce. Amma a fili mu uku ne, rigarmu ɗaya. In zan karya shi, sai na cire rigar tukuna, kuma da sanarwa."

Na ce, "Ka ji shi ko, mara kunya!" Ka yi dariya, ka ɗaukar mini kwando.

Ban yarda da kai ba har ka rasu. Kai ma ba ka yafe masa ba, na sani. Amma sau dubu nawa wuyan ɗana yana ƙafarka, kullum ka mayar mini da shi lafiya.

Yanzu sun samo wani mai ɗagawa, abokinsa ne, kullum suna dariya tare. Jiya na je kallon atisaye. Sau biyu ya kauce da ƙwallo, ya ce a yi haƙuri. Na dawo gida na kasa cin abinci.

Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ga mahaifiyarka da matarka, da ƙanwarka Nuraini wadda har yau nake jin nauyin haɗa ido da ita, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi.