Macijin da Ba Ya Waiwaye

Tun da ƙanena Idi ya fara gina jirgin ƙasa na wasa a ɗakin Kaka Hawa, abincin gidanmu na Gaya ta bakin kogi ya daina yi mini daɗi. Namiji da furfura a gemu, mai fitar da kayan mutane a duwan, wato kwastan, ya dawo daga Kotonu da kwali cike da 'yan taragu kamar gidan ashana, da guntayen layin dogo da ake haɗa su baki da baki. Na ce masa girma ya faɗi. Ya yi dariya, ya ci gaba da yankan katako.

Da a ɗakinsa ya yi, da ban ce uffan ba. Amma ɗakin Kaka ya zaɓa, inda duwatsun murhunta uku ke zaune tun rasuwarta, baƙaƙe wuluk, babu wanda ya taɓa gusar da su. Ni kuwa na san teburinsa ba zai zauna ba sai an tsige su.

A gaban duwatsun nan muka girma. Bayan sallar isha'i, in sanyin kogi ya sauko, Kaka kan tura itace cikin wuta, ƙamshin bandar kifi na tashi daga zanenta. Ba ta da sanyin hali ko kaɗan. Wanda ya yi gyangyaɗi ya sha ranƙwashi, wanda ya katse ta ya kwana ba labari. Idi ne ya fi kowa shan ranƙwashi, don bakinsa ba ya rabuwa da tambaya.

"Ga ta nan, ta fito daga kogi ko jiki ba ta goge ba," haka take buɗe tatsuniya.

Mu ce ta zo mu shanya ta.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta wani dogon maciji mai wuta a ciki. Ya zo bayan gari yana kuka, yana ce wa maza su shiga cikinsa ya kai su inda gishiri ke zube kamar rairayi. Wani masunci ya ajiye tarunsa, ya ce wa matarsa ta bar masa miya a kan wuta, yanzu zai dawo. Ashe macijin ba shi da wuyan waiwaye, gaba kawai ya sani. Matar ta yi ta tura itace, miya ta ƙone ta sake wata, har duwatsun murhunta suka yi baƙi.

Kullum a nan Idi zai tambaya ko masuncin ya dawo.

"Kai, yaron ga, mi na ce maka? Abin da ba ya waiwaye ba ya maido da kowa."

Sai ta tofa yawu cikin toka, ta kore mu mu kwanta. Ba ta taɓa rufe wannan tatsuniya da wasa ba, kamar yadda take rufe sauran.

Sai da na yi aure mahaifiyarmu ta gaya mini abin da manya duk suka sani. Kakanmu, mijin Kaka, ya tafi aikin dako garin Paraku, inda layin dogo ya tsaya. Wata rana ya hau jirgi ya yi kudu, daga nan ko saƙon baki ba a ƙara samu ba. Kaka ta mutu ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa da idonta ba, amma ta ƙi jininsa kamar wanda ya yi mata sata da rana tsaka. Ni ma na gaji ƙiyayyar nan, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

To, wannan macijin ne Idi ya ɗauko ya kawo mata har ɗaki. Na yi ta kallonsa yana jiƙa takardar buhun siminti da sitaci yana yin tuddai, yana rina garin katako kore wai ciyawa, yana shafa shuɗin fenti wai kogi. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ya haɗa da batirin mota. Na kai ƙararsa wurin kawunmu, kawu ya ce wasa ba laifi ba ne. Na daina amsa gaisuwarsa, har matarsa ta shiga ɗauke kai in ta gan ni.

Ranar da na ji an gama, na tafi da buhu. Na ƙudura in ya jefar da duwatsun bayan gida zan kwashe su, in bar masa gidan har abada.

Na tarar ya huda teburin a tsakiya. Duwatsun na nan inda suke, kawunansu sun leƙo ta ramin, layin dogo ya kewaye su. Wannan bai sanyaya mini zuciya ba. Na ce masa ya mai da murhun tsohuwa abin wasan yara, ya kawo mata maƙiyinta ya ajiye a gaban wutarta, kuma Allah na ganinsa.

Idi ya sunkuya kan teburin. Ya murɗa wani ɗan maɓalli. Jirgin ya tashi daga 'yar tashar kwali, ya haye shuɗin kogin, ya shige bayan baƙin dutse har na daina ganinsa. Can sai ga shi ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya zo ya tsaya daidai inda ya tashi.

"Yaya, kin gani? Wanga yana dawowa," in ji shi. "Tun ina yaro nake tambayarta, ba ta taɓa ba ni amsar da nake so ba."

Na tsaya da buhu a hannu. Shekara da shekaru na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne a ƙi macijin, na kuwa ƙi shi da gaskiya. Shi Idi matar da ke tura itace ya riƙe a ransa.

Har yau ban yarda da shi ba. Abin wasa ba ya maido da mutum, kuma da Kaka na raye da ranƙwashi zai sha, da furfurarsa da komai. Na faɗa masa haka a fuska. Amma buhun wayam na koma da shi gida, kuma kafin in fita sai da na ce ya sake murɗa maɓallin.