Iskar Cikin Batir

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da batir ya fashe a fuskar yayana ba.

A shekarun casa'in ne, ina ajin ƙarshe na sakandare a Suleja. Yaya yana da rumfar cajin batir a Diko, bakin titi, kuma shi ke riƙe da karatuna tun rasuwar Baba. Yana da wata al'ada ta masu sana'ar: in caji ya yi, sai ya ɗauki guntun waya ya haɗa kawunan batirin biyu. In tartsatsi ya tashi da ƙarfi, ya ce wa direba, "Ya ƙoshi, ɗauki abinka."

A makon da abin ya faru ne malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa in ana cajin batir, ruwan cikinsa yakan rabu, wata iska mai suna haidurojin ta riƙa fita, kuma ɗan tartsatsi ya ishe ta kama wuta. In aka ƙara ƙarfin cajin, iskar ta fi saurin taruwa. Wallahi a cikin ajin Yaya ya faɗo min a rai.

Ran Asabar da na kai masa abinci, na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai, Malama! Tun kina rarrafe nake aikin nan. Ina iskar? Nuna min ita."

Na yi magiya, na yi masifa, don ni bakina ba ya shiru. Muna cikin haka wani direban babbar mota da zai wuce Lambata, wanda batirinsa ke kan caji, ya matsa masa lamba, wai yamma na yi. Yaya ya murɗa wutar cajin har ƙarshe, batirin ya riƙa ɓararraka kamar tukunyar miya. Ina cewa "Yaya, don Allah!" ya riga ya sunkuya kan batirin da guntun wayarsa.

Ƙarar har yau tana kunnena. Ruwan batir ya wanke masa fuska, yana ihu yana kiran sunan Allah. Na juye masa bokitin ruwan da ke rumfar, direban ya tare wata mota, aka kwashe mu zuwa asibiti. Rai ya tsira, idanun kuwa sun tafi duka biyun.

Bayan an sallame shi, wata rana ina ba shi koko, ya ce, "Malama, iskar nan taku wane launi gare ta?"

Na ce, "Ba ta da launi, Yaya."

Ya ce, "Ashe ko da idon nawa ba zan gan ta ba."

Na fita tsakar gida na yi kuka mai isata.

Yanzu ni ma kimiyya nake koyarwa. Abin da ranar ta koya min shi ne, daɗewa ana yin abu lafiya ba ya nufin babu haɗari a cikinsa. Shi ya sa duk rumfar cajin da na wuce sai na tsaya na yi magana, ko za a yi min dariya.